Gwajin bakin mahaifa bayan ɗaukewar al'ada: zafin da ya kore ni da maganin da na ji tsoronsa

Shekara 21 na yi a Sabo ta Ibadan kafin mu tattara mu dawo Minna, kuma har yau rabin ƙawayena suna can kurmi, wasu a Agege, wasu a Idi-Araba, wasu a Shagamu. Saboda su na cire kunya na rubuta wannan, domin magana ce da ko a ɗakin suna ba a cika tayar da ita ba.

Bara waccan muka rasa wata maƙwabciyata ta Sabo. Al'adarta ta ɗauke da kusan shekara shida, sai ta fara ganin jini-jini, ta ɗauka al'adar ce ta dawo, har tana yi mana wasa wai ta koma yarinya. Kafin a kai ta asibiti sankarar bakin mahaifa ta riga ta yi nisa. Bayan sadakar arba'in 'yata ta sa ni gaba, ta ce, "Umma, ke ma fa ba ki taɓa yin gwajin nan ba." Gaskiya ta faɗa. Shekarata 56, haihuwa bakwai, ban taɓa yi ba.

Na je wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa nan cikin gari. Wadda ba ta taɓa yi ba, ga yadda abin yake: ki kwanta rigingine, a saka wani abu mai kama da bakin agwagwa, na ƙarfe ko na roba, a buɗe gaba da shi don a hango bakin mahaifa, sannan a shafo ɗan abin da za a duba da wani ƙaramin buroshi. An ce min minti biyar ne. Wallahi da aka fara saka ƙarfen nan ji na yi kamar ana yanka ni da reza. Nas ɗin tana ta cewa, "Mama, ki saki jikinki mana, ke da kika haifi bakwai?" Na ce ta cire. Na koma gida da ɗigon jini a zane, na rantse ni da gwajin nan har abada.

Wata huɗu ina kan rantsuwata, sai 'yar tawa ta lallaɓa ni muka je wajen wata likitar mata. Ita ce ta zaunar da ni ta yi min bayanin da ya kamata a ce na ji tun farko.

Jikin mace yana da wani sinadari da ake kira istirojin, ƙwayayen haihuwa ne suke samar da shi. Shi yake sa fatar cikin gaba ta yi kauri, ta yi laushi, ta riƙa miƙewa, ta kuma riƙe danshi, abin da muke kira ni'ima. Idan al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin nan yana ja baya sosai. Sai fatar ta yi siriri, ta bushe, ta zama abu kaɗan ke tsaga ta, hanyar ma ta ɗan tsuke. Daga nan ne ƙaiƙayi da raɗaɗi suke fitowa, da zafi wajen kwanciya da miji, da zafin fitsari, da yawan kamuwa da ciwon mafitsara. Kusan rabin matan da al'adarsu ta ɗauke suna samun wani abu daga cikin waɗannan. Zafin jiki da gumin dare sukan lafa da kansu bayan wasu shekaru, amma bushewar nan ba ta tafiya, ƙaruwa ma take yi idan aka ƙyale ta.

Ina jin haka na yi shiru, domin shekara uku ke nan ina shan maganin sanyi a banza. Duk sanda na ji raɗaɗi sai in aika kemis a haɗo min kafso. Na zauna cikin ruwan bagaruwa, na yi tsarki da alimun, har wani matsi wata mai kayan mata ta sayar min. Likita ta ce duk abin da ke ɗaure fata ƙara busar da ita yake yi, wato ina ta ƙara wa wuta fetur. Ta kuma ja min kunne a kan man shafawar nan mai haɗi uku da ake sayarwa don ƙuraje, ta ce yawan shafa shi a wajen yana ƙara sirantar da fata. Wadda kuma aka ba ta shawarar zuwa wajen wanzami a yi mata yankan gishiri don wai hanya ta toshe, don Allah kada ta je. Tabo da zubar jini kawai za ta samo.

Sai ta rubuta min man istirojin da ake sakawa a gaba da ɗan bututu: kullum da dare idan zan kwanta har sati biyu, daga nan sau biyu a sati. Ta ce in dawo bayan wasu makonni, in kuma dakatar da sakawa kwana biyu kafin ranar gwaji don kada man ya ɓata abin da za a ɗiba.

To, a nan tsoro na biyu ya shigo. Na buɗe kwalin, 'yata ta karanta min takardar da ke ciki: sankarar mama, sankarar mahaifa, daskarewar jini, shanyewar ɓarin jiki. Na ce ikon Allah, ni da na je neman tsari daga sankara ɗaya za a ba ni abin da zai kawo min biyu? Na jefa shi cikin durowa. Na san mata da yawa a nan suke tsayawa, shi ya sa zan ɗan daɗe a wajen.

Tsoron yana da asali. A shekarar 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka da ya ƙunshi mata sama da 16,000, bayan an ga cewa masu shan ƙwayar da ta haɗa istirojin da wani sinadarin na biyu sun ɗan fi sauran samun sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Labarin ya zaga duniya, mata suka watsar da magungunansu. Amma fa ƙwaya ce ta haɗiya, wadda take shiga jini ta zaga jiki gaba ɗaya. Sai aka ɗauki gargaɗin nan aka manna shi a kan kowane magani mai istirojin, har da wanda ake sakawa a gaba, alhali shi aikinsa a wajen da aka saka shi yake yi, abin da ke tsallakawa cikin jini kuwa ɗan mitsitsi ne. Misalin da likitar ta ba ni shi ya zauna min: akwai ƙaramar ƙwayar sakawa mai suna Vagifem, idan mace ta yi shekara guda cur tana amfani da ita yadda aka tsara, jimillar istirojin ɗin da ta saka bai wuce kimanin na ƙwayar haɗiya guda ɗaya ba. Bincike da aka yi daga baya bai nuna cewa wannan ɗan ƙaramin awo yana ƙara haɗarin daskarewar jini ko sankarar mama ga macen da ba ta taɓa yin ta ba. A Ingila tun shekarar 2022 macen da ta kai 50, al'adarta ta ɗauke da shekara guda, tana iya sayen irin wannan ƙwayar a kantin magani bayan mai kantin ya yi mata tambayoyi, ba sai da takardar likita ba. A watan Nuwamban 2025 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sanar da cewa za a cire wancan babban gargaɗin daga kwalayen.

Ban ce kowa ta ruga kemis ba. Macen da take ganin jini bayan al'ada ta ɗauke da shekara guda, ko ɗigo ne, ko sau ɗaya ne, ko bayan kwanciya da miji ne, ba man shafawa take buƙata ba, likita take buƙata a cikin satin nan. Sau da yawa bushewar ce ke kawo jinin, amma sai an duba ake sanin haka, kuma abin da maƙwabciyata ba ta yi ba ke nan. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta cikin mahaifa, musamman mai shan maganin hana ta dawowa, sai da shawarar likitan da ke kula da ita. Kuma ba kowane zafi ne bushewa ba: akwai cutar fata da ke kama wajen, akwai sanyin na gaske, akwai tabon kaciya ko na ɗinkin haihuwa, akwai kuma ɗaurewar tsoka saboda tsoro. Ba kuma a maye gurbinsa da ƙwayar tazarar haihuwa. Ɗaya daga cikin mayukan shi ne Ovestin, ba kowane kemis ke da shi ba, kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Na ciro nawa daga durowa. Kwanakin farko na ji ɗan raɗaɗi da ɗan danshi, daga baya ya wuce. Kafin sati uku zafin fitsarin nan da na yi ta kashe wa kuɗi ya ragu ƙwarai. Abu ɗaya da ya kamata a sani: idan aka daina, bushewar tana dawowa, domin jiki bai koma samar da sinadarin ba. Mata da yawa suna ci gaba da shi shekaru, suna komawa wajen likita a duba su sau ɗaya a shekara.

Wata za ta ce, to ni da na tsufa, me ya kai ni gwajin ma? Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a cikin sankarar da ta fi kama mata a Najeriya, bayan ta mama. A ƙididdigar 2020, kimanin mata 12,000 suka kamu, kusan 8,000 suka rasu. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa kusan dukkanta, ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, kuma takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ma'ana, abin da ya shiga jiki kina da shekara 35 yana iya bayyana kina da 55, ko da kin daɗe da zama bazawara, ko da miji ɗaya kika taɓa sani. Allurar rigakafin da aka fara yi a ƙasar nan a watan Oktoban 2023 ta 'yan mata ce masu shekara 9 zuwa 14, wato jikokinmu. Mu gwaji ne namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi mayar da hankali kan masu shekara 30 zuwa 49, amma ta ce a kula da masu 50 zuwa 65 da ba su taɓa yi ba, irina.

Akwai wani abu kuma da ban sani ba sai a wajen likitar. Gwajin da aka fi yi a gangamin kyauta, wanda ake shafa ruwan khal a bakin mahaifa a duba da ido, bai cika dacewa da mu ba, domin bayan ɗaukewar al'ada wajen da cutar ke farawa yakan janye zuwa ciki inda ido ba ya kaiwa. Gwajin Pap ko na HPV ya fi mana. Na HPV ɗin ma a wasu wurare ana ba mace ɗan tsinke mai auduga ta shiga ɗaki ta ɗibo da kanta, babu ƙarfe babu komai. Sai idan an samu ƙwayar cutar ne za a buƙaci dubawa. Ki tambaya ko suna da shi. A nan Minna akwai likitocin mata a Babban Asibiti da asibitin mata da jarirai na Jummai Babangida Aliyu, kuma gidauniyar RAiSE ta Dakta Amina Abubakar Bello, wadda ita kanta likitar mata ce, ta daɗe tana aikin gwajin sankara a jihar. Ku na kurmi kuwa manyan asibitocin koyarwa a ƙofarku suke: LUTH tana Idi-Araba, LASUTH tana Ikeja kusa da Agege, UCH ba nisa da Sabo. Wadda Turanci ko Yarabanci ke yi mata wuya ta tafi da 'yarta ko ƙanwarta, kuma ba laifi ba ne ki ce mace kike so ta duba ki.

Ranar da na koma, tun kafin in hau gado na faɗa wa nas cewa al'adata ta ɗauke kuma na sha wuya a baya. Na roƙi ƙaramin bakin agwagwa, domin ashe girma-girma ne da su. Aka ɗumama shi, aka shafa masa ɗan man santsi na asibiti, ba basilin ba. Likita ta ce in na fi so in kwanta ta gefen hagu, ko in saka da hannuna, kuma duk sanda na ce a tsaya za a tsaya. Na kwanta ta gefe. Na ji matsi, na ji ɗan tsikari lokacin da buroshin ya taɓa, ina jiran rezar nan ta zo sai na ji ta ce, "Hajiya, mun gama, ki tashi."

Sakamako ya fito lafiya lau, ta rubuta min lokacin da zan sake yi a bayan katina. Da na kira wata ƙawata ta Agege ina ba ta labari, ta yi shiru, can ta ce ita ma shekara biyu ke nan rabonta da ɗakin maigida saboda zafi, kuma har yau tsammani yake ƙinsa take yi. Ta ce in turo mata sunan man. Na ce sunan ba zai tsere ba, ta fara zuwa Ikeja a duba ta tukuna.