Lambobin amsa na kundin sunaye (LDAP) da rubutun sunayen mutanen Adar

1. Gabatarwa

Abin da muke kira kundin sunaye (annuaire) a wannan maƙala shi ne ma'ajiyar da ke cikin uwar garke (serveur), inda kowane ɗalibi ko malami yake da katinsa: suna, lamba, adireshin saƙo da kalmar sirri. Manhajar darussa irin Moodle, ko ta ɗakin karatu, takan tambayi wannan kundi kafin ta buɗe ma mutum ƙofa. Ƙa'idar tambaya da amsa ita ce LDAP, wadda aka tsara a Amurka a 1993, da hannun masana na Jami'ar Mishigan, don sauƙaƙa tsarin X.500 na 1988. Siga ta uku ta fito a 1997, aka sake tace ta a 2006 cikin takardar RFC 4511, inda aka jera lambobin amsa.

Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, mai ɗauke da sunan masanin tarihin Adar Djibo Hamani a yau, tana tsakiyar yankin da ake ji da Hausa, da Tamajaƙ, da Fulatanci, da Larabci, alhali takardun haihuwa duka da rubutun Faransanci suke. Duk ma'aikatar da ta buɗe kundi a irin wannan wuri za ta gamu da lambobin da za mu duba. Abin da muke son nunawa shi ne: da yawa daga cikinsu ba lalacewar na'ura suke nunawa ba, magana ce ta ƙa'idar rubutu da ta tsarin suna, wato aikin mai nazarin harshe.

2. Yadda ake karanta amsa

Kowace amsa tana zuwa da abu uku: lamba, da guntun adireshin da uwar garke ta gane (ana kiran sa matchedDN), da ɗan bayani a rubuce. Mu lura cewa ba kowace lamba ce kuskure ba. Lamba 0 na nufin an gama aiki lafiya; 5 da 6 amsar kwatanci ce, a'a da i; 10 kuma tana tura mai tambaya zuwa wata uwar garke. Ita 81 ma ba daga uwar garke take fitowa ba: manhajar mai tambaya ce ke cewa ta kira ba a amsa ba, kuma a OpenLDAP takan fito da siffar -1. Wanda ya gan ta sai ya duba wuta da waya da ƙofa ta 389 ko 636, ya bar sunan mutum ya huta.

3. Lamba 49

Ita ce wadda kowa ya sani: an ƙi shaidar mai shiga. OpenLDAP da gangan ba ta bambanta tsakanin sunan da babu shi da kalmar sirrin da ba daidai ba, don kada ɓarawo ya san wane suna ne ke cikin kundi. Active Directory ta Microsoft takan ƙara wata lamba cikin bayani: 52e, ba a yarda da shaida ba; 532, kalmar sirri ta tsufa; 533, an dakatar da katin; 775, an kulle shi, galibi bayan gwaji da yawa. A nan yankin akwai wani dalili da littattafan waje ba su kula da shi ba. Allon madannai na Faransanci (AZERTY) shi ne na ofisoshinmu, amma kwamfutocin da ke shigowa daga Nijeriya ta Ƙonni na Ingilishi ne (QWERTY). A tsakaninsu a da q sun yi musanyar wuri, haka z da w, m ya ƙaura, lambobi kuma a na Faransanci sai an danne madannin manyan baƙaƙe. Tun da kalmar sirri ba a ganin ta yayin bugawa, mai ita zai rantse daidai ya buga, kuma gaskiya ya faɗa.

4. Baƙaƙe masu lanƙwasa: 21 da 34

Dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tabbatar da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a rubutun Hausar Nijar. LDAP siga ta uku tana karɓar su, domin rubutunta UTF-8 ne, inda ƙ ke cin okte biyu. Sai dai ba kowane gurbi na katin ke karɓa ba. Gurbin cikakken suna (cn) da na sunan iyali (sn) suna ɗaukar kowane baƙi. Gurbin adireshin saƙo (mail), da gecos da homeDirectory na tsarin Unix, baƙaƙen ASCII kaɗai suka sani. Dubi waɗannan misalai:

(1) cn: Ɗanjuma Ƙasimu
(2) gecos: Ɗanjuma Ƙasimu

Misali na (1) zai wuce, na (2) zai jawo 21, wato abin da aka zuba bai dace da ƙirar gurbi ba. Laifin ba na Hausa kaɗai ba ne: é na Illéla ma haka zai yi.

Hanya ta biyu da 21 ke fitowa ta fi wuyar ganewa. Jerin sunaye da aka buga a tsohon tsarin Windows-1252 yana ajiye é da okte ɗaya, UTF-8 kuwa biyu take jira, sai ta ƙi layin. Mu da muka yi aiki da tsofaffin samfuran baƙaƙe na shekarun 1990 mun san wata masifar: a cikinsu an ɗora siffar ƙ ko ɗ a kan wata alama dabam, ido na ganin ƙ, na'ura na ganin wani abu. Irin wannan jeri wani lokaci yakan shige ba tare da ƙorafi ba, sunan ya zauna a gurguje har ranar da aka buga takardar shaida.

Lamba 34 ta shafi adireshin katin kansa (DN). Waƙafi ne ke raba sassan adireshi, don haka al'adar ofis ta rubuta ISSA, Mariama tana karya shi in ba a sa alamar \ kafin waƙafin ba.

5. Tsarin suna: 65 da 68

Nan ne, a ganinmu, matsalar ta fi zurfi. Ajin katin da ake kira person ya wajabta gurbi biyu, cn da sn, in aka bar sn wofi sai 65 ta fito. Wanda ya tsara shi yana tunanin ƙasar da kowa ke gadon sunan iyali. Bahaushen Adar sunan yanka yake da shi, sa'an nan sunan uba, wani lokaci da na kaka, ko laƙabi, ko sunan gari. Tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou (2011-2021), ɗan Dandaji a jihar Tawa, jaridun Faransa sun ɗauki Issoufou kamar sunan iyali, takardu da dama kuma a gida sukan juya jerin su sa Issoufou a gaba. A arewa, wajen Abalak da Cintabaradan, tsarin Abzinawa kan sa ag tsakanin sunan ɗa da na uba: shin ag na cikin sn ne, ko a'a? Na'ura ba ta da amsa. Magatakarda ke yankewa, kuma magatakarda biyu ba lalle su yanke iri ɗaya ba.

Lamba 68 tana cewa katin da ake son buɗewa yana nan tuni. Sunayen yanka na Musulmi ba su da yawa, sunayen iyaye ma daga rumbu ɗaya suke fitowa, saboda haka a tsangaya guda samun Ibrahim Moussa biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. In an gina adireshin kati da suna, na biyu ba zai shiga ba. Mafi muni shi ne ma'aikaci ya ga 68 ya ce « ai an riga an rubuta shi », ya wuce, ɗalibai biyu su tashi da kati ɗaya.

6. Lamba 32 da lamba 0

Ana yawan zaton 32 na nufin ba a sami mutum ba. A wajen bincike ba haka ba ne: tana nufin reshen kundin da aka ce a fara nema daga gare shi ne babu. Sai a karanta matchedDN, ya nuna iyakar inda uwar garke ta bi adireshi kafin ta ɓace; kuskuren na cikin sashen da ke biye.

Idan reshen yana nan amma ba a sami kowa ba, amsar 0 ce, lafiya lau, da jeri wofi. Mai neman Abubakar ba zai ga Aboubacar ko Boubacar ba. Mai neman Tawa ba zai ga Tahoua ba. Lafazin Adar, wanda Bernard Caron ya yi wa cikakken bayani a 1991, yana sa h ko hw inda daidaitacciyar Hausa ke da f, kuma magatakardan da ya rubuta abin da kunnensa ya ji ya ƙara wata siga ke nan. Har hamzar Sa'adu iri uku ce a Unicode: miƙaƙƙiya (U+0027), da lanƙwasasshiyar da Word ke sauyawa da kansa (U+2019), da U+02BC. Ƙa'idar kwatanci ta RFC 4518 tana daidaita Ƙ da ƙ, tana daidaita ḍ na Tamajaƙ ko da baƙi ɗaya aka buga shi ko da d da ɗigo a rabe, amma hamzojin nan uku baƙaƙe uku ne a wurinta. Manhajar da ta karɓi jeri wofi sai ta ce ma ɗalibi ba a san shi ba, littafin aikin uwar garke kuma bai nuna kuskure ko ɗaya ba.

7. Abin da za a iya yi

Adireshin kati a gina shi da lambar rajista (matricule), wadda ba ta da lanƙwasa ko hamza kuma ba ta maimaituwa. Wannan ya kawar da 68 da mafi yawan 34. Gurbin cn yana karɓar siga fiye da ɗaya, don haka a zuba rubutun takardar haihuwa, wanda shi ne na shari'a, a ƙara na Hausa kusa da shi. RFC 3866 ta 2004 ta ba da damar yi ma kowace siga alamar harshe:

(3) cn;lang-fr: Aboubacar Dan Jouma
(4) cn;lang-ha: Abubakar Ɗanjuma

Game da sn, ma'aikata ta tsayar da doka ɗaya a rubuce, misali sunan uba kamar yadda yake a takardar haihuwa, tare da ag in akwai. Hamza ma a zaɓi guda, a tace jerin sunaye da ita kafin zubawa. Siga ta (4) ba aikin ma'aikacin kwamfuta ba ce, domin daga Dan Jouma ba ya iya sanin ko d ne ko ɗ; sai wanda ya san ƙa'idar 1999 ya zauna da jerin, ya tambayi mai sunan inda ya yi shakka.