Ko Ka San Akwai Tayar Ƙanƙara a Titin Auyo?

A ƙaramar mota, inda kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Golf ɗin da ta ɗauko fasinja da buhunan shinkafa daga gonakin rani na Auyo za ta shiga Haɗejiya, a kan waɗannan tafuka huɗu take tafiya, da su take shan kwana, da su kuma take tsayawa idan direba ya taka birki. Shi ya sa ya kamata mu san irin robar da muke ɗora rayukanmu a kai.

A cikin tayoyin gwanjo da ake kira 'yan Beljiyam ko tokumbo, akwai waɗanda aka ƙera su musamman domin hunturun Turai, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya. Kamfanin Nokian na ƙasar Finlan ne ya fara yin irinsu a 1934, domin manyan motoci. Roba tana da hali irin na man shanu: sanyi ya sa ta sandare, zafi ya sa ta saki. Tayar yau da kullum takan fara taurarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, sai riƙonta ya ragu. Saboda haka masu ƙera tayar hunturu suka haɗa robarta da laushi sosai, yadda ko cikin tsananin sanyi ba za ta sandare ba. Suka yi mata zane mai zurfi, sannan suka tsattsaga kowane haƙori na zanen da ƙananan tsagu sirara masu yawa, kamar an bi shi da reza, domin su riƙa cizon ƙanƙara.

A can, wannan dabara tana ceton rayuka. To amma a nan fa?

Ko a tsakiyar hunturunmu, lokacin da ake hura wuta da asuba ana jin ɗumi, da zarar rana ta ɗaga zafi ya wuce digiri 7 nesa ba kusa ba. A watan Afrilu da Mayu kuwa, zafin ƙasar Haɗejiya yakan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi ƙwarai, duk wanda ya taɓa taka ta ba takalmi da azahar ya sani. Robar da dama mai laushi ce sai ta ƙara saki. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, haƙoran nan da aka tsattsaga ba sa tsayawa daram su riƙe kwalta, sai su lanƙwashe, su riƙa motsi a ƙarƙashin mota. Motar za ta tsaya, amma sai ta ƙara gaba fiye da inda ya kamata. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada tayoyin hunturu a lokacin zafi kan busasshiyar hanya, ta samu cewa daga gudun kilomita 100 a awa, ƙarin tazarar tsayawa kan kai mita 16. Wannan ya kai tsawon ƙananan motoci uku zuwa huɗu a jere. A hanyar da garken shanu ke tsallakawa zuwa fadama, ko ɗan acaɓa ya fito daga lungu ba zato, ko yaro ya biyo akuya da gudu, mita 16 ba ƙaramin abu ba ne.

Haka abin yake a kwana. Direba zai ji sitiyari ya yi masa laɓo-laɓo, ya juya amma motar ta ɗan yi jinkirin bin umarni. Wani sai ya ɗora laifin a kan ƙafar mota, ya kai wa makanike a yi ta canje-canje, alhali matsalar tana jikin roba. Ga kuma saurin cinyewa, domin roba mai laushi kwalta mai zafi na gugarta kamar sabulu a kan dutsen wanki. Motsin haƙoran nan kuma yana ƙara tara zafi a jikin tayar, ga lodi fiye da kima, ga tsufa, ga ƙarancin iska wani lokaci. Idan waɗannan suka haɗu a doguwar tafiya irin ta Haɗejiya zuwa Kano, fashewar taya ba ta da nisa.

Abin da ya fi damuna shi ne, tayar nan tana da kyan gani a kasuwa. Mai saye yakan zura yatsa cikin zane, ya ji zurfi, ya latsa ya ji taushi, ya ce ai wannan da sauranta. Dalilin da ya sa take zuwa da sauran zane kuwa yana cikin dokokin can. A yawancin Turai ana iya amfani da taya har zanenta ya sauka zuwa milimita 1.6, amma a ƙasa irin Ostiriya, tayar hunturu da zanenta ya gaza milimita 4 ba a lissafa ta a matsayin tayar hunturu kuma. Sai mai ita ya cire ya yar, a tara a kwantena, ta biyo hanya ta iso mana. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙerawa a Legas a 2008, daga waje muke samun tayoyin mota, kuma tsadar sabuwa ce ke tura direba wajen gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyi na cikin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su. Ban ga laifin direban da kuɗinsa bai kai sabuwa ba. Sai dai ko a cikin gwanjon akwai zaɓi.

Gane ta ba wuya. A duba gefen tayar. Idan aka ga zanen dutse mai kawuna uku da wata alama kamar tauraruwa mai rassa shida a cikinsa, an yi gwajin tayar ne domin ƙanƙara. Idan aka haɗa da tsagun nan sirara birjik a kan kowane haƙori, to tayar hunturu ce. Haruffan M+S su kaɗai ba hujja ba ne, domin ana samunsu a tayoyin da aka yi wa kowane yanayi da na motocin shiga daji. Wasu za su ce zane mai zurfi ya fi a damina, musamman a ƙasarmu da ambaliyar Kogin Haɗejiya kan ɓata hanyoyi. Zurfin zane yana taimakawa wajen korar ruwa, gaskiya ne, amma laka mai danƙo irin ta fadama tana cike tsagun nan nan take, kuma watannin da mota ke yi a kan busasshiyar kwalta sun ninka na damina.

Tunda an sunkuya, a duba shekarunta ma. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, tana bushewa ta tsage, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke yawan jan kunnen direbobi a kan wannan lamba.

Ina roƙon masu faci da masu sayar da taya na Auyo da Haɗejiya da Kafin Hausa, ku da tayoyin nan ke bi ta hannunku kullum, idan kun ga alamar dutsen nan ku faɗa wa mai mota gaskiya kafin ku ɗaura masa. Kai kuma direba, gobe da safe kafin ka tayar da mota, zagaya ka duba gefen tayoyinka huɗu, har da safaya.