Haƙƙin Ma'aikacin da Ya Bar Aiki Ba Sallama

Sau da yawa akan sami ma'aikaci ya yi ɓatan dabo daga wurin aikinsa, bai ba da notis ba, bai miƙa makullai da kayan aiki ba, balle ya karɓi takardar sallama. Abin da shugabanni suka saba yi shi ne su riƙe albashinsa na ƙarshe gaba ɗaya. Wannan maƙala za ta duba ko hakan na da tushe a dokar Nijeriya.

Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ta shafi leburori da akawuna, ta ƙayyade wa'adin notis a sashe na 11: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda bai kai shekara 5 ba, wata 1 kuma ga mai shekara 5 zuwa sama. Wanda bai ba da notis ba, ana iya karɓar kuɗi daga gare shi a madadin wa'adin. Manyan ma'aikata kuwa, yarjejeniyar ɗaukarsu ake dubawa.

Ke nan bashi biyu ne a nan, kuma kowanne zaman kansa yake yi. Alal misali, akawun da ya shekara 3 a kan albashin naira 90,000 a wata, ya gudu ran 20 ga wata, yana bin ma'aikatarsa ladan kwana 20, watau naira 60,000. Ita kuma tana binsa kuɗin mako 2, kimanin naira 42,000, da kayanta da ke hannunsa. Gudunsa laifi ne, amma bai shafe guminsa ba.

Haka kuma sashe na 5 ya taƙaita yankan albashi. Ba a cire diyyar ɓarnar da ma'aikaci ya yi da gangan ko bisa sakaci sai da rubutaccen iznin jami'in ƙwadago, kuma jimillar abin da za a yanka a wata ba za ta wuce sulusin albashin watan ba. Kuɗin da ke asusunsa na fansho kuwa, bisa dokar fansho ta 2014, mallakarsa ne. Ubangida ba shi da iko a kansu.

Don haka abin da ya kamaci ma'aikata shi ne ta rubuta wa mutumin, ta zayyana masa abin da yake bi da wanda ake binsa, ta ba shi lokacin mayar da kaya. In an kasa daidaitawa, sai a nufi ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya keɓe wa irin wannan shari'a.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ma'aikacin da ya tafi ba sallama ya saɓa alkawari. Ubangidan da ya danne ladansa kuwa ya ci haƙƙi.