Araha Ba Ta Ado: Gashin Alfaka Da Audugar Zazzau

Idan hunturu ya kama a Zariya, wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari zai tarar an kwance dilolin gwanjo, mata sun taru suna zaɓen rigunan sanyi. Da yawa daga cikin rigunan nan zaren roba ne, wanda ake sarrafawa daga man fetur. Araha gare su, amma ba su daɗewa sai su saki, su koɗe. In an zubar da su kuwa ba su ruɓewa, sai dai su toshe magudanar ruwa.

To, a Turai ma an fara ƙyamar irin wannan ciniki, tun ba ma daga 2013 ba, sa'ad da wani benen maɗinka mai suna Rana Plaza ya rushe a Bangaladash, mutum fiye da 1,100 suka hallaka, mafi yawansu mata. Sai waɗansu suka ga gara tufa kaɗan mai ƙarko, wadda aka san mai yinta, aka kuma biya shi haƙƙinsa.

Cikin abin da suke nema har da saƙar gashin alfaka. Ita alfaka dabba ce dangin raƙumi, amma ba ta da tozo, girmanta kuwa bai kai na jaki ba. A kan duwatsun Andis take, mafi yawa a ƙasar Peru. Sau ɗaya a shekara akan yi mata sausaya, gashin ya sake tofowa. Tafin ƙafarta da taushi yake kamar na raƙumi, saboda haka ba ta farfasa makiyaya. Matan can sukan kaɗa gashin da mazari, su saƙa da hannu.

Tumakin ƙasar Hausa, watau Yankasa da Uda da Balami, gashinsu ba ya kaɗuwa. Rabon Zazzau auduga ne. Tun 1922 aka kafa gonar gwaji a Samaru, a 1962 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, daga nan ne kuwa irin audugar da ake kira SAMCOT ya fito. Amma babbar masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, manomi ya rasa babban mai saye. Mazari da alli kuwa tuni suka koma hannun tsofaffi.

Duk da haka sana'ar hannu ba ta mutu ba. A 1994 waɗansu matan birnin Zariya suka haɗu cikin ƙungiyar ɗinki mai sunan Sarauniya Amina, suna zuba aikin hannu irin na babbar riga a kan tufafin mata, har ana kaiwa ƙasashen waje. Aska takwas guda takan ci makonni, ga ciwon ido da na baya, amma rigar takan kai ga magada.

Saura ga fatake da malamai. Falken da ya danne ladan mai ɗinki don ya karya farashi, shi ke kashe sana'ar da yake ci a cikinta, gama 'yarta ba za ta koya ba. Malamai kuwa sun san hukuncin israfi da na tauye haƙƙin ma'aikaci, ya kamata su riƙa tunatarwa. Allah ya sa a gane, amin.