Almajiranci da Hidimar Al'umma: Yadda Fastocin EYN Suke Fahimtar Aikinsu

Mai karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa zai tarar cewa kalmar da aka zaɓa wa mabiyan Yesu Almasihu na farko ita ce "almajirai". Kalma ce da kowane Bahaushe ya san nauyinta, domin tana nufin wanda ya bar gida ya zauna a gaban malami, yana ɗaukar karatu yana kuma kwaikwayon halinsa. Daga nan ne Kiristocin Arewa suka samo kalmar "almajiranci", wadda fastoci da dama suke ɗauka a matsayin ginshiƙin aikinsu. A wurinsu, aikin fasto bai tsaya ga wa'azin ranar Lahadi ba. Ya haɗa da rainon mai bi har halinsa ya canza a gida da gona da kasuwa.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, tana cikin cocin da suka fi nuna abin da wannan fahimta take nufi a aikace, musamman saboda jarrabawar da ta fuskanta a shekarun rikicin Boko Haram.

Tushen cocin

Asalin wannan ɗariƙa yana komawa ne ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus, inda a 1708 wasu mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka yi baftisma a kogi, suka ƙudura bin koyarwar Sabon Alkawari yadda suka fahimce ta, har da ƙin ɗaukar makami. Tsanantawa ta sa mabiyansu suka yi ƙaura zuwa Amurka, kuma daga can ne 'yan mishan biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka iso Garkida da ke Jihar Adamawa ta yau. A ranar 17 ga Maris 1923 suka gudanar da sujada ta farko a gindin wata tsamiya, ranar da cocin take ƙirgawa a matsayin mafarinta, ta kuma yi bikin cika shekara ɗari a 2023.

Daga Garkida aikin ya bazu zuwa Lassa da Marama da Chibok, tsakanin al'ummomin Bura da Margi da Kibaku da Kamwe. Tun daga farko wa'azi ya tafi tare da makaranta da asibiti da koyar da noma, har da wurin jinyar kutare a Garkida. Daga baya shugabanci ya koma hannun 'yan ƙasa, aka kafa hedikwata a Kwarhi kusa da Mubi, inda kwalejin horar da fastoci mai ɗauke da sunan Kulp take.

Yadda ake rainon mai bi

Matakin farko shi ne ajin baftisma. EYN ba ta yi wa jarirai baftisma, sai wanda ya kai munzilin furta bangaskiya da bakinsa, bayan ya ɗauki darussa a gaban fasto ko mai bishara. Ana nitsar da shi cikin ruwa sau uku. Dalilin jinkirin, a fahimtar cocin, shi ne almajiranci alkawari ne da mutum yake ɗauka da saninsa, ba gado ba ne da ake haihuwar mutum a ciki.

Mataki na biyu shi ne zaman tare. Cocin ta gaji al'adar liyafar ƙauna, inda masu bi suke wanke wa juna ƙafafu su ci abinci tare, bisa abin da Linjilar Yohanna ta ruwaito a sura ta 13 cewa Yesu ya yi wa almajiransa. Darasin a fili yake: a wannan zama mai kuɗi kan durƙusa a gaban talaka, malami kuma a gaban ɗalibinsa. Haka nan idan saɓani ya shiga tsakanin 'yan coci, ana bin tsarin da ke cikin sura ta 18 ta Linjilar Matiyu, wato a fara magana tsakanin mutum biyu, in ta ƙi a kira shaidu, in ta ƙi a kai gaban jama'a. Wannan ne ya sa fasto yakan shafe lokaci mai yawa wajen sulhunta ma'aurata da masu rikicin gona ko bashi.

Fasto ɗaya ba zai iya wannan aiki shi kaɗai ba. Akwai dattawan coci, da malaman makarantar Lahadi, da ƙungiyoyin matasa da na mawaƙa. Akwai kuma Zumuntar Mata, wadda take ziyartar marasa lafiya da masu jego da gwauraye, take kuma tara gudunmawa idan an yi rashi. A ƙauyuka da yawa, waɗannan mata ne suke fara sanin gidan da tukunya ba ta hau wuta ba.

Hidima a wajen bangon coci

Fastocin cocin suna kafa hujja da cewa wa'azin da bai dubi cikin mai yunwa ba ya rasa rabin ma'anarsa. A kan haka ne aka kafa shirin kiwon lafiyar karkara mai suna Lafiya a yankin Garkida a shekarun 1970, wanda yake horar da mutanen da ƙauye ya zaɓa da kansa su koyar da tsafta da rigakafi ta hanyar labarai da wasan kwaikwayo. An kuma yi shirin haƙa rijiyoyi. Rijiya dai ba ta tambayar addinin mai ɗiba, kuma Musulmi da Kirista duk sun amfana.

Lokacin jarrabawa

Yankin da EYN ta fi yawan mabiya shi ne kudancin Borno da arewacin Adamawa, wato tsakiyar wuraren da rikicin Boko Haram ya fi ƙamari. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Chibok, kuma akasarinsu 'ya'yan wannan coci ne. A ƙarshen Oktoba na wannan shekara maharan suka mamaye Kwarhi da Mubi, abin da ya tilasta wa shugabannin cocin, ƙarƙashin Rabaran Samuel Dali, komawa Jos na wani lokaci. An ƙona majami'u masu yawa, jama'a suka warwatsu zuwa Yola da Jos da Abuja da ƙasar Kamaru. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya a Michika, aka kashe shi. Wata guda bayan haka aka kai hari Garkida kanta.

A nan ne tambayar ta yi tsanani: me fasto zai faɗa wa saurayin da aka kashe mahaifinsa, alhali koyarwar cocin ta hana ramuwa? Matsayin shugabannin cocin bai canza ba, cewa Huɗubar Kan Dutse ta umarci mai bi ya ƙaunaci maƙiyinsa. Sai dai ba kowa ne wannan amsa ta kwanta wa a rai ba, kuma muhawara kan iyakar kare kai ba ta ƙare ba. Abin da fastoci suka lura da shi shi ne, ba a umartar mai rauni ya yafe a rana ɗaya. Shi ya sa cocin ta shigar da tarukan warkar da raunin zuciya cikin ayyukanta, inda mutane suke samun damar faɗin abin da suka gani kafin a zo maganar yafiya. Shugabanninta kuma ba su daina kiran gwamnati ta tsare rayuka ta ceto waɗanda aka sace ba, domin a ganinsu yafiya ba ta ɗauke wa hukuma nauyin yin adalci.

Haɗa hannu da maƙwabta

Rikicin bai bar Musulmi ba, domin su ma an kashe su an kuma raba su da gidajensu. Wannan ya sa wasu 'yan cocin suka zaɓi yin aikin agaji tare da su. A Gurku da ke Jihar Nasarawa, Markus Gamache, ma'aikacin EYN, ya jagoranci kafa matsugunin 'yan gudun hijira inda iyalan Musulmi da na Kirista suke zaune wuri guda. Dokta Rebecca Dali ta kafa cibiyar tallafa wa gwauraye da marayu da matan da suka kuɓuto daga hannun maharan, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. A 2016 kuma cocin, tare da wata ƙungiyar zaman lafiya ta Kiristoci da Musulmi da ta taimaka wajen kafawa, ta karɓi kyautar zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus.

Ƙalubalen da ke gaba

Cocin ta koma Kwarhi, an kuma sake gina majami'u da dama, amma aikin fasto ya ƙara nauyi. Albashinsa da kuɗin gudanar da coci suna fitowa ne daga baiko da zakkar masu bi, waɗanda yawancinsu manoma ne da rashin tsaro ya hana su zuwa gonakinsu na nesa. Akwai yaran da suka tashi a sansani ba su san ƙauyen iyayensu ba, akwai kuma matan da suka dawo daga daji da 'ya'ya, suna fuskantar ƙyama daga danginsu. Karɓar waɗannan mata da yaransu cikin jama'a ba tare da tsangwama ba yana cikin abubuwan da ake gwada koyarwar cocin da su a yau, kuma nauyin shawo kan iyalai ya rataya ne a wuyan fasto da dattawa da Zumuntar Mata na kowane ƙauye.