Hurumin Gari Amana Ce a Wuyanmu

Kowane tsohon gari a yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa yana da hurumi: filin da magabata suka keɓe don kiwo, da burtalin shanu, da mashaya, da fadamar da ake lambun rani. A inuwar tsamiya da ceɗiya da darbejiya ake makarantar allo, a nan dattawa ke sasanta rigima.

Kalmar hurumi daga Larabci muka samo ta, domin a fiƙihu rijiya da kogi da gari kowanne yana da haraminsa, wato kewayen da ba a mallaka wa mutum ɗaya. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, Sayyidina Usman kuma ya sayi rijiyar Ruma ya bar ta waƙafi ga jama'a. Abu Dawuda ya ruwaito hani a kan yin bayan gida a mashaya da hanya da inuwa.

Yau buƙatarmu ga waɗannan wurare ta ƙaru. 'Yan bindiga sun mai da Dajin Rugu maɓoya, kuma sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020 ya nuna girman masifar. Mutanen ƙauyuka irin na kewayen Damari da dama sun koma cikin garuruwa. Wanda ya kasa shiga daji neman itace, bishiyar unguwa yake sara. Wanda ke neman matsuguni, fadama yake cikewa. Shara da leda kuma suna toshe magudanai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka sama da 40, ta isa wa'azi.

Ba za mu zargi mai gudun hijira ba, haƙƙinsa ne a kanmu mu ba shi wuri a kan tudu. Abin da ya kamace mu shi ne masu unguwanni da dagatai su shata iyakar hurumi a gaban shaidu, su hana sayar da shi. Kowane masallaci da Islamiyya su dasa itatuwa a farkon damina, a ɗora wa ɗalibai ban ruwa da rani. Matasa su yi gayyar yashe kwatoci kafin ruwan fari.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi, sadaka ce gare shi. Allah Ya ba mu ikon riƙe wannan amana, Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.