Bayani: Yadda ake haɗa makunnin ƙafa na amfilifayar jita a gida, da kuskuren da ke iya ƙona na'urar

Mai kaɗa jita ba shi da hannu na uku. Ɗaya na danne tsirkiya, ɗayan na kaɗa ta, kuma a tsakiyar waƙa yakan buƙaci sauya sauti daga mai laushi zuwa mai gurnani ba tare da kiɗan ya yanke ba. Wannan buƙata ce ta haifar da makunnin ƙafa: ƙaramin akwati da ake ajiyewa a ƙasa, a jona shi da amfilifaya ta hanyar waya, a riƙa taka shi.

Lamarin ba baƙo ba ne a yankin Sahel. A Agadas, inda jitar lantarki ta zama jigon bukukuwan aure na Abzinawa, makaɗa irin su Bombino da Mdou Moctar sun yi suna har duniya ta san da su. Shi Mdou Moctar da hannunsa ya ƙera jitarsa ta farko, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Amma amfilifaya ta fi ƙarfin a ƙera ta haka, kuma da yawa daga waɗanda ake saye na hannu ne, sukan iso ba tare da makunninsu ba. Abin da masu su ba su cika sani ba shi ne, a mafi yawan lokuta makunnin shi ne ɓangare mafi sauƙin haɗawa. Wahalar tana wajen gano irin wanda na'urar ke buƙata.

Mene ne a cikin akwatin?

Sautin jita ba ya ratsawa ta cikin mafi yawan makunnan ƙafa. Aikinsu kawai shi ne haɗa waya biyu ko raba su. Idan sun haɗu, amfilifayar ta fahimci umarni ɗaya. Idan sun rabu, ta koma ɗayan. Sauyin sautin kansa a cikin amfilifayar yake faruwa.

Filogin da aka fi amfani da shi irin na wayar jita ne, mai kaurin milimita 6.35. Iri biyu ne. Na farko, da ake kira TS, yana da sassa biyu: tsini da jiki, kuma umarni ɗaya yake ɗauka. Na biyu, TRS, yana da ƙarin zobe tsakanin tsini da jiki, don haka yana ɗaukar umarni biyu, misali sauya sauti da kuma kunna amsa-kuwwa. A duka biyun, jikin filogin shi ne layin ƙasa da sauran ke haɗuwa da shi.

Mai riƙewa ko mai saki?

A nan ne akasarin masu haɗawa ke tuntuɓe. Akwai makunni mai riƙewa, wanda idan an taka shi sai ya tsaya a kunne har a sake takawa, kamar na fitilar ɗaki. Akwai kuma mai saki, wanda ke haɗa wayoyin muddin ƙafa na kansa, kamar na ƙararrawar ƙofa. Bambancin na da muhimmanci har kamfanin Boss na Japan ke sayar da su daban-daban: FS-5L mai riƙewa, FS-5U mai saki. Abin takawa da ake jona wa fiyanon lantarki don jan sauti mai saki ne. Filoginsa zai shiga amfilifaya lafiya lau, amma idan ita mai riƙewa take so, sautin zai koma inda yake da zarar an ɗaga ƙafa.

Littafin da ke zuwa da na'urar ne ya kamata a fara dubawa, kuma manyan kamfanoni na ajiye irinsa a intanet. Idan babu, akwai gwaji mai sauƙi. A rage ƙarar na'urar, a soka wayar jita a ramin da aka tanada wa makunnin ƙafa, sannan a haɗa tsini da jikin ɗaya bakin wayar da ɗan ƙarfe. Idan sautin ya sauya amma ya koma da an janye ƙarfen, mai riƙewa ake buƙata. Idan ya sauya ya zauna, sai an sake taɓawa ya koma, to mai saki ne.

Kayan aiki da yadda ake haɗawa

Ana buƙatar makunni mai ƙarfi da zai jure taku, akwatin ƙarfe, filogi, waya mai tsawon mita uku zuwa biyar, dalma da ƙarfen narkar da ita, da mita irin ta masu gyaran rediyo. Ana samun irin waɗannan kaya a kasuwannin kayan lantarki kamar Sabon Gari a Kano da Alaba a Legas.

Za a huda saman akwatin daidai wuyan makunnin, a ɗaure shi da noti, a kuma huda gefe domin waya. Sai a liƙa silin da ya fito daga tsinin filogi a ƙafa ɗaya ta makunnin, silin jiki kuma a ɗaya ƙafar. Idan makunni biyu ne, tsini ya tafi na farko, zobe ya tafi na biyu, sauran ƙafafunsu biyu a haɗa su da layin jiki. Ya kamata a ƙulle wayar daga ciki, domin idan wani ya harɗe da ita a filin biki kada dalmar ta tsinke.

Kafin a kai shi kusa da amfilifaya, a gwada da mita: ta nuna haɗuwa idan an taka, ta nuna rabuwa idan an kashe. Wanda ke son ƙaramar fitila mai nuna yanayin makunnin, hanya mafi aminci ita ce ya sayi makunni mai layi biyu, ya ware layi ɗaya ga fitilar da batir mai volt 9 da rezista, ta yadda wutarsu ba za ta shiga amfilifayar ba.

Inda haɗarin yake

Ramin makunnin ƙafa da ramin lasifika sukan kasance girma ɗaya, wani lokaci ma dab da juna a bayan na'urar. Tunda aikin makunnin haɗa waya biyu ne kai tsaye, soka shi a ramin lasifika tamkar haɗa wayoyin wuta ne baki da baki. A amfilifaya mai tiransisto, hakan na iya ƙona sashen da ke ba lasifika ƙarfi nan take. Kuskure ne na daƙiƙa ɗaya, amma yana iya raba makaɗi da abin neman abincinsa. Saboda haka a karanta rubutun da ke kan ramin, a kuma yi wa filogin alama.

Haɗari na biyu ya shafi rai. Amfilifaya mai bututun gilashi na aiki da wuta mai ƙarfin volt 400 ko fiye, kuma kafasitocinta na iya riƙe wutar bayan an zare ta daga soket. Haɗa makunnin ƙafa ba ya buƙatar buɗe na'urar ko kaɗan. Duk aikin da ya kai ga kwance murfinta na ƙwararren mai gyara ne.

Ba kowace na'ura ce ke karɓar wannan dabara ba

Tsofaffin Fender na shekarun 1960, irin su Deluxe Reverb, suna amfani da ƙananan filogi biyu na RCA. A cikinsu sautin amsa-kuwwa na isa har wayar makunnin, don haka sai an sa waya mai rufin kariya, in ba haka ba ta kwaso ƙugi. Fender Hot Rod Deluxe kuwa tana aika umarni biyu ta filogi mai sassa biyu, da taimakon dayod da ke cikin akwatin makunnin; makunni zalla ba zai yi mata cikakken aiki ba. Wasu na'urorin zamani kuma saƙon kwamfuta suke karɓa ta rami mai ƙafafu da yawa, kuma bai dace a yi musu gwajin ƙarfe ba.

Ga mai amfilifaya mai rami ɗaya da umarni ɗaya ko biyu, aikin yamma guda ne a teburin mai gyaran rediyo. Sharaɗin shi ne a bi matakan a jere: a tabbatar da ramin, a gano irin makunnin, a gwada da mita, sannan a jona.